A taimaka da Hausar "solid waste" kafin ƙarfe huɗu

Mai Shiri: Salamu alaikum. Ƙarfe huɗu zan shiga situdiyo, shirin a kan masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai na Kano ne. Takardar baƙona ta ce "sustainable solid waste management". Dattin masana'anta na ruwa ba damuwa, kowa ya san dagwalo. Wanda ba ruwa ba fa?

Injiniya: Busasshiyar shara.

'Yar Maraɗi: Injiniya, ka taɓa shiga majema? Tsokar da ake kankarewa daga fata da laka mai sinadarin kuromiyam, ina bushewa a nan?

Injiniya: Gaskiyarki, Hajiya. To daskararriya. Amma kada a tsaya a "shara" kawai. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar sharar birni a jaki su yi taki. Ka ce wa manomi shara, taki ya ji, alhali wannan guba ce mai zama a ƙasa. Rafin Getsi ma da ke kwaso dagwalon Bompai ya zuba a Jakara, da ruwansa ake ban-ruwan kayan lambu.

Malam Nahawu: Ni tuni na ƙirƙiro "juyau": juya juji ya koma dukiya, ƙirar "mantau". Kalma ɗaya ta gama komai.

Mai Shiri: Allah ya gafarta Malam, mai sauraro zai ɗauka ciwo ne.

Malam Nahawu: Haka kuke! Bature ya ƙago kalma ku haddace, Bahaushe ya ƙago ku yi dariya. Yanzu wani zai kawo "sake sarrafawa", kuma sarrafa Larabci ce.

'Yar Maraɗi: Masana'anta ma daga sana'a take, Larabci ce, Malam, ita ma a kore ta? Leda kuma ta Turanci ce. Sannan mu jibji muke cewa, ba juji ba, amma kullum Hausar Kano ake auna mu da ita.

Malam Nahawu: Daidaitacciyar Hausa ke nan, 'yata, ba ni na tsara ba.

Injiniya: An bar jaki ana dukan taiki. "Juyau" sake sarrafawa kaɗai ta ɗauka, irin aikin 'yan jari-bola da masu niƙa roba a Dakata. Maganar ta fi haka faɗi: rage sharar tun daga injin, ware mai guba, binne ragowar inda ba za ta tsiyaya cikin rijiyoyi ba. Abin da NESREA, hukumar kare muhalli ta Najeriya, ke sa wa ido ke nan tun kafa ta a 2007.

Mai Shiri: Saura minti ashirin. Zan ce "kula da tarkacen masana'antu ta hanya mai ɗorewa", in bambanta shi da dagwalo.

'Yar Maraɗi: Laka ba tarkace ba ce, amma je ka.

Malam Nahawu: Kalma takwas a gurbin ɗaya. To, a ambaci "juyau" ko sau ɗaya ne, a ji bakin masu kiran waya.