Na kasa yin addu'a tun bayan ambaliyar Maiduguri, ja da baya ke nan?

Maman Tagwaye:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina da tambaya, amma bari in fara faɗin inda na fito, don a san irin amsar da za a ba ni.

Mu mutanen Gwoza ne, daga Bayan Dutse. A 2014 muka gudo, da goyo a bayana, muka bi ta Kamaru kafin Allah ya kai mu Maiduguri. Babana bai fito ba, har yau ba mu ga gawarsa ba. Duk da haka a lokacin bakina bai mutu ba. Ina cikin Zumuntar Mata, ni ce ma nake kaɗa tulu in muna waƙa, kuma ina waƙar da dukan zuciyata.

Maigidana tela ne. Da keken haya ya fara, a hankali ya sayi nasa guda biyu, ya kama shago a Gwange. Daren da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, a Satumba 2024, muka fita da kayan jikinmu kawai, ruwa har ƙirjinsa, yara a kafaɗa. Da ruwa ya janye muka tarar da kekunan sun yi tsatsa, yadukan mutane sun ruɓe cikin laka, masu kaya kuma suna neman kuɗinsu. Ba mu gama biya ba ƙafafunsa suka fara kumbura. Likita ya ce ƙoda ce, sai dai wankin ƙoda. Yanzu awara nake soyawa a bakin titi, da ita muke ci, da ita muke lallaɓa asibiti.

Ga abin da ya kawo ni. In na durƙusa, babu kalmar da take fitowa. Littafi Mai Tsarkina ruwa ya ci, an ba ni wani, yana nan cikin ledarsa. A sujada in mai jagora ya ce Allah nagari ne, kowa ya amsa da ƙarfi, ni sai in ji maƙogwarona ya toshe. Wata 'yar'uwa ta ce in binciki kaina, wataƙila akwai zunubi a ɓoye, ko ba ma fitar da zakka yadda ya kamata. Tun ranar ba na barci sosai. Ban daina gaskata akwai Allah ba, amma ina jin haushinsa, kuma ina tsoron wannan haushin. Shin na ja da baya ne?

Ɗan Sabon Rai:

Sannu Mama, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Maganar Allah ta ce mu yi godiya cikin kowane hali, 1 Tasalonikawa 5:18. Ki tuna da Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) na Michika, wanda aka kama a Janairu 2020. A bidiyon da aka ɗauke shi yana hannun masu bindiga ya ce bai karaya ba, domin kome yana hannun Allah, in ya koma wurin iyalinsa alherin Allah ne, in bai koma ba nufin Allah ne. A cikin watan aka kashe shi. In shi ya iya faɗin haka a wannan wuri, mu ma za mu iya. Ki tilasta wa bakinki ya yi godiya ko zuciya ba ta so, zuciyar za ta biyo baya.

Tsohon Mai Bishara:

Ɗana, abin da ka faɗa game da Rabaran Andimi gaskiya ne, kuma ni kaina na yi hawaye da na ga bidiyon nan. Amma kada mu ɗauki alherin da Allah ya ba mutum ɗaya don sa'arsa mu mai da shi bulalar dukan wadda take kwance.

Ɗiyata, ki saurare ni. Wadda ta ce miki zunubi ne a ɓoye, maganar abokan Ayuba ta maimaita. Su ma da farko sun yi daidai, kwana bakwai suka zauna da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki ne suka ɓata. Ki duba Ayuba 42:7. Ayuba ya la'anci ranar haihuwarsa, ya yi ta kai ƙarar Allah wurin Allah, amma a ƙarshe Elifaz da abokansa biyu Ubangiji ya husata da su, ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar bawansa Ayuba. Da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya. Ruwan Alau bai tsaya yana tambayar wa ya fitar da zakka ba. Ya shiga gidan fasto, ya shiga gidan liman, kamar yadda ya yi a 1994.

Batun haushi kuwa, ranar da kika iya buɗe ledar nan, kada ki fara da Zabura 23. Ki fara da Zabura 88. Mai waƙar yana tambayar Allah don me ya yashe shi, don me ya ɓoye masa fuska, kuma waƙar ta ƙare cikin duhu, babu yabo ko na layi ɗaya a ƙarshenta. Allah ya bar ta cikin Littafinsa, an kuma rera ta a sujada. Shi kansa Ubangijinmu a kan gicciye da farkon Zabura 22 ya yi kuka. Wanda ya ja da baya ba ya kwana yana juyi don ya kasa addu'a. Ke har yanzu kina durƙusawa. To ki durƙusa ki faɗa masa kina fushi, da yarenku na gida in Hausa ta ƙi. In ko wannan bai fito ba, Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana yi mana roƙo da nishe-nishen da ba su faɗuwa.

Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki daina zuwa majami'a. A Markus 2 mutum huɗu suka ɗauko shanyayye a Kafarnahum, suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi. Littafi ya ce Yesu ya ga bangaskiyarsu. Mara lafiyar bai ce kome ba. Ki zauna a benci ki yi shiru, sauran su amsa a madadinki. Lokacin da hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya (EYN) da ke Kwarhi ta faɗa hannun Boko Haram a Oktoba 2014, na ga fastoci da suka iso Jos ba sa iya ko addu'ar abinci. Wasu ne suka riƙa yi musu, har bakinsu ya dawo.

Maman Tagwaye:

Na gode Baba. Na karanta Zabura 88 a wayar maƙwabciyata, sau da yawa. Ban taɓa jin an yi wa'azi a kanta ba. Ban yi addu'a ba tukuna, amma na yi kuka, wanda rabona da shi tun ranar da likita ya faɗa mana. Ɗana na Sabon Rai, kai ma na gode, na san da zuciya ɗaya ka faɗa. Abin da har yanzu yake cina shi ne tagwayen. Sun tambaye ni ko Allah zai warkar da babansu, na rasa ta cewa.

Gwauruwa daga Michika:

'Yar'uwata, ki gaya musu gaskiya. Ki ce Allah yana da iko, muna roƙonsa, amma ba ke kike riƙe da amsar ba. Ni na yi wa nawa alkawarin babansu zai dawo, bai dawo ba, kuma babban ya daɗe bai yarda da maganar kowa a kan Allah ba.

Sai kuma jikinki. Da Iliya ya roƙi mutuwa a jeji, mala'ika bai yi masa wa'azi ba, gurasa da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya sake kwanciya. Mai tashi da asuba tace waken suya, ta wuni a bakin wuta, ta kwana jinya, dole addu'a ta yi mata nauyi. Ki je wurin shugabar Zumunta ki faɗi halin da kike ciki ba tare da kunya ba, a raba kwanan jinya, a sanar da dattawan ikilisiya batun kuɗin asibiti. Kuma duk wanda ya ce a daina wankin ƙoda a kawo shi gidan addu'a a shafa mai, kada ki yarda. A yi addu'ar a bakin gadon asibiti.

Kekunan nan suna ina? In irin baƙaƙen nan ne na ƙarfe, kada ki sayar wa 'yan gwangwan. Ni ma ɗinki nake yi. A cire kan, a jiƙa shi da kananzir, a goge tsatsar, a sa mai, a canza ƙoshiya da bel, sau da yawa suna tashi. In ɗaya ya tashi za ki iya ba da shi haya. Ki duba sunan da ke jikinsu ki rubuto mini, in faɗa miki abin da za ki ce wa mai gyara don kada ya cuce ki.