Wai me ke jikin tsohuwar Jaguar E-Type ne da Turawa ke rububinta haka?

Sadauki_90:
Salam 'yan uwa masana harkar mota, dan Allah tambaya gare ni. Kwanan nan nake ta cin karo da bidiyon wata tsohuwar motar Ingila wai ita Jaguar E-Type, mai dogon hancin nan, kujera biyu kacal. Abin da ya ɗaure min kai kuɗin da ake sayenta a gwanjo, wata sai ka ga ta fi sabuwar jif tsada nesa ba kusa ba alhali ta haura shekara 60 a duniya. Kyau kam tana da shi ban musa ba. To amma kyan ne kawai ko akwai wani abu a ƙasa? Wanda ya san tarihinta ya taimaka.

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam ƙanena, ai ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. A watan Maris na 1961 aka fara nuna ta a bajekolin motoci na Janeba a Suwizalan, kuma yadda jama'a suka yi mata caa kowa yana so a ɗan zaga da shi, mota ɗaya ta kasa, dole mai kamfanin William Lyons ya sa aka kira direbansu na gwaji Norman Dewis aka ce ya bar duk abin da yake yi ya taho da ta biyu, bawan Allah ya kwana yana tuƙi daga garin Kwabantiri na Ingila, inda kamfanin yake, har da tsallaka ruwa, da safe sai ga shi a Janeba.

Asalinta daga filin tsere ne. Jaguar suna da wata D-Type da ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa sau uku a jere, 1955, 1956 da 1957, to fasahar waccan aka kwaso aka zuba a motar da mutum zai saya ya hau titi. Wanda ya fitar da siffarta Malcolm Sayer, shi da can a kamfanin ƙera jiragen sama na Bristol ya yi aiki, lissafin yadda iska za ta bi jikin mota ta wuce shi ne sana'arsa, shi ya sa in ka duba babu kusurwa a jikinta ko ɗaya, sumul take kamar tarwaɗa. Inji mai silinda 6, lita 3.8, aka ce tana mil 150 a awa, wajen kilomita 240 kenan, a 1961 fa! Gaskiya motocin da aka ba 'yan jarida su gwada an ɗan taɓa musu inji, amma ta kasuwar ma ba ta yi nisa da hakan ba. Sai babban abin, farashi. Fam dubu biyu da 'yan kai, kusan rabin kuɗin Aston Martin ta lokacin, Ferrari kuwa ba a magana. Wannan ne ya girgiza mutane.

Oga_Bakanike:
Malam ya faɗi zaƙin, bari ni in faɗi ɗacin don sana'ata ce. Bonet ɗinta ba irin namu ba ne, gaba ɗaya gaban motar har da fitilu da murfin tayoyi shi ke ɗagawa ya kifa gaba, sai ka ga inji tsirara da kafireta guda 3 a jere suna ƙyalli, wlh abin sha'awa. Amma saita kafireta ukun nan su riƙa shan mai daidai da juna sai mai kunne da haƙuri. Birkin faifai ne a duk ƙafa huɗu, abin da ko manyan motoci da yawa ba su da shi a lokacin, sai dai na bayan ba a jikin taya suke ba, can ciki aka cusa su kusa da difaransha, in babban aiki ya taso sai an sauke ƙafar baya ɗungurungum. Kuloci kuma in ya ƙone sai an fito da inji. Ga giyar na farkon tauri, lamba ɗaya ba ta shiga salin alin sai mota ta tsaya cak, sai a 1964 da suka ƙara injin ya koma lita 4.2 suka canza akwatin giyar da kujeru. Ga lagireto na saurin tafasa a go-slow, ga wayarin mai rigima, ga tsatsa da ke cin ƙasan bodi, kuma ita bodin ne ƙashin bayanta don haka tsatsa ba ƙaramar magana ba ce. Duk da haka da za a kawo min ita gareji ko kyauta zan kwana a ƙarƙashinta.

Sadauki_90:
Ikon Allah, na gode ƙwarai Malam da Oga. To amma na ga wasu fitilarsu a rufe da gilas wasu a buɗe, wasu bakinsu ƙarami wasu wangameme, duk ita ce?

Hajiya_Mai_Sitiyari:
Duk ita ce ɗan uwa, zubi uku aka yi. Ta farko ita ce mai gilas a kan fitila da ɗan ƙaramin baki, kuma ita masu tara motoci suka fi kashe wa kuɗi. Mafi yawansu Amurka aka kai, can ma XK-E suke ce mata, to dokokin Amurka na kariya da hayaƙi su suka sa aka cire gilasan nan, a zubi na biyu na 1968 aka faɗaɗa bakin don inji ya sha iska aka sauko da fitilun baya ƙarƙashin bamba. A zubi na uku na 1971 aka saka mata V12, wato inji mai silinda 12, lita 5.3, ta ƙara tsawo ta ƙara nauyi. Ni dai ra'ayina daga nan ta fara tashi daga motar tsere ta koma motar shan iskar masu kuɗi, da yawa za su ce na yi son kai amma ta farkon ta fi min komai. A 1974 aka daina ƙera ta, duka duka dubu 72 da 'yan kai aka yi, ka cire waɗanda tsatsa da haɗari suka cinye ka ga dalilin tsadar. Gidan adana kayan fasahar zamani na New York ma sun ajiye guda tun 1996.

Oga_Bakanike:
Hajiya kin gama magana. Abu ɗaya zan ƙara wa Sadauki ko da wata rana Allah ya hore masa, ka nemi wadda aka yi wa Amurka mai sitiyari a hagu, don mu a Najeriya tun 1972 muka koma bin hannun dama, ta 'yan Ingila sitiyarinta a dama yake. Sannan cikinta dab da ƙasa yake sosai, salansa biyu ne suka bi ta ƙarƙashin tsakiya, tudun rage gudu ɗaya na unguwa ya isa ya kwashe maka su. Kayan gyara kam ana samu, har yanzu akwai masu ƙera sababbi a Ingila, sai dai da fam za ka biya.