Rijiyar gidanmu ta ƙafe tun da maƙwabci ya haƙa burtsatse: wa ya kamata ya riƙe ikon ruwa?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma bari in fara da abin da ya jawo ta.

Gidanmu yana can wajen Ɗorayi a Kano, kuma rijiyar tsakar gidan ta girme ni, mahaifina ne ya sa aka haƙa ta. Gaba goma sha biyu ce. Ko a tsakiyar bazara, in aka yi sammako ana jan guga shida ko bakwai kafin ta fara kawo laka. Famfo kuwa kada ma a yi zancensa, kansa ya yi tsatsa, a kai ake shanya tsumman goge-goge. Bara wani bawan Allah ya sayi kangon da ke bayanmu, ya haƙa burtsatse biyu, ya kafa injin ruwan leda. Kafin damina ta zagayo, rijiyarmu da ta gida huɗu a layin sun ƙafe ƙaf. Yanzu duk kwana biyu sai na sayi kura guda wajen 'yan garuwa, kuɗin ruwa na neman kamo na cefane.

Mun kai maganar wajen mai unguwa, aka zauna a zaure. Mutumin ya zaro takardu daga cikin leda ya ce filinsa ne, kuma daga sama aka ba shi izini. Mai unguwa ya ce shi iyakarsa roƙo. Na taka ofis biyu, kowanne ya tura ni ɗayan.

To tunda Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, me zai hana ikon ba da izinin haƙa burtsatse da rabon ruwa ya bar hannun jiha ya dawo ƙaramar hukuma, a sa masu unguwanni a ciki? Wanda bai taɓa taka layinmu ba, yaya zai san rijiyar wa za ta mutu?

Tsohon Ma'aikacin Ruwa:
Wa'alaikumus salam. Malam, Allah ya kawo sauƙi. Na yi shekaru ina wannan aikin kafin in ajiye, kuma ina ganin ka haɗa ruwa iri biyu a tulu ɗaya.

Na farko ruwan famfo. Wanda ake sha a birnin Kano ba a birni aka haife shi ba. Daga madatsar Tiga yake tasowa, wadda aka gina zamanin Audu Bako aka gama a 1974, da kuma madatsar Challawa da ke Ƙaraye, ta 1992. Ana tace shi a Tamburawa da Challawa, sannan a turo shi gari. Tamburawa a Dawakin Kudu take. Bututu ɗaya sai ya ratsa Kumbotso ya shiga Tarauni ya wuce Birni kafin ya kai Dala. In ka ce kowane ciyaman ya riƙe nasa, na bakin bututu zai ƙoshi ya rufe bawul, na ƙarshe ya sha iska. Ƙananan hukumomi takwas ne a cikin garin nan, sai a yi rigima takwas. Su kansu madatsun biyu ma ba jiha ce ke da ta cewa a kansu ba, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke sakin ruwan, ita kuma ta tarayya ce. Dokar ruwa ta 1993 ta ɗora duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a hannun gwamnatin tarayya.

Na biyu ruwan ƙasa, wanda shi ne ciwonka, kuma a nan ina bayanka. Kano a kan dutse take zaune. Ruwan ba tafki ba ne shimfiɗe a ƙarƙashi, yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa. Rijiyarku daga sama-sama take sha. Wanda ya nutsa ƙasa da ku ya sa inji yana ja dare da rana, dole ya janye muku. Wannan abu ne na layi da layi, ba a ganinsa daga ofis. Amma ka sani, jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999, inda aka jero ayyukan ƙaramar hukuma, ya ambaci kasuwa da tasha da maƙabarta da kwashe shara, har da lasisin amalanke da baro, bai ambaci rabon ruwa ba. Wato kurar mai garuwa tana ƙarƙashinsu, ruwan cikin jarkar ba ya ciki. Sai majalisar jiha ta yi doka ta miƙa musu.

Maman Ilham:
Baban Khalifa, ka yi haƙuri, ni dai ina ganin an gudu ne ba a tsira ba. Wace ƙaramar hukumar? A zaɓen 2021 jam'iyyar da ke mulki ta cinye kujeru 44 duka, a na 2024 wata jam'iyyar ce ke mulki, ita ma ta cinye 44 ɗin. Ka cire iko daga aljihun dama ka sa a na hagu, rigar dai ɗaya ce.

A unguwarmu an taɓa kawo burtsatse mai sola da sunan jama'a. Ƙofar gidan wa aka dasa shi? Ka cinka da kanka. Wata bakwai ya lalace, tankin na nan har yau tantabaru na kwana a kai. Wanda ke aiki shi ne na masallacin layinmu, da muka yi karo-karo muka haƙa. Mutum biyar ke riƙe da shi, biyu mata ne, don mu muka san yawan bokitin da wanki ke ci. Ana buɗewa bayan asuba da bayan la'asar, ana karɓar ɗan abin gyara, kuma duk Juma'ar ƙarshen wata a karanta lissafi. In za a sauko da iko, a sauko da shi har nan.

Ɗan Kura:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma kwamiti ma ba mala'iku ba ne. Mu a Kadawa muna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, mu ke tsara ranar da kowane ɓangare zai yi ban ruwa, mu ke yashe ƙananan magudanu. Ya fi da. Sai dai in shugaban ƙungiya gonarsa na bakin kanal, mai shinkafar can ƙarshe sai ya kwana a gona da tocila yana gadin rabonsa. Dole a samu na sama da za a kai wa ƙara.

Bahaɗeje A Sabon Gari:
Ku dai Kanawa in kun gama rabon ku tuna da mu. Ruwan da ya wuce ku shi ke zuwa Haɗeja da Nguru, ya bi Komadugu Yobe har Tafkin Chadi. In an riƙe, fadamunmu su bushe, in an saki a tsakiyar damina, ya ci mana gari, ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Kogi kam kada a ba kowane ciyaman.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai. Baba, ka warware mini, ashe ni ba ruwana da bututun Tamburawa, abin da nake nema kada a haƙa burtsatsen kasuwanci a cikin gidaje sai maƙwabta sun sa hannu a gaban mai unguwa, kuma a ɗora wa mai shi famfo ɗaya a waje. Limaminmu ya tuna mana hadisin da ya ce Musulmi sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta, ya ce zai raka mu wajen mutumin ranar Asabar. Mu gida biyar kuma za mu rubuta wa ɗan majalisarmu na jiha. Baba, in na turo maka takardar za ka duba mana ita kafin mu kai?

Tsohon Ma'aikacin Ruwa:
Turo. Ku rubuta zurfin kowace rijiya da watan da ta ƙafe, kuma ku nemi mai haƙar ya gaya muku mita nawa ya nutsa.