Wane idi ne aka yi a Shilo, kuma me ya sa aka saci 'yan mata a cikinsa?

Mai Neman Sani:

Salama, 'yan'uwa cikin Almasihu. Littafin Mahukunta 21:19 ya ambaci idin Ubangiji da ake yi kowace shekara a Shilo, inda dattawan Isra'ila suka ce wa mutanen Biliyaminu su ɓuya a gonakin inabi su kwashe 'yan matan da suka fito rawa. Wane idi ne wannan daga cikin manyan idodi uku? Sannan Allah ne ya ba da wannan shawara? Idan za a koyar da surar a nazarin Littafi Mai Tsarki, ta ina ya kamata a kama ta?

Malamin Tsohon Alkawari:

Ɗan'uwa, nassin bai faɗi sunan idin ba, amma ya bar alamu. Fitowa 23:14-17 da Maimaitawar Shari'a 16:16 sun wajabta idodi uku: na Abinci Marar Yisti da ke haɗe da Idin Ƙetarewa, na Makonni, da na Bukkoki. Idin Ƙetarewa yana zuwa tun inabi bai nuna ba. Idin Bukkoki kuwa yana farawa ran 15 ga wata na bakwai, kwana bakwai ake yi, bayan an gama tattara amfanin masussuka da na wurin matse inabi, kuma shi ne idin da aka fi umartar mutane su yi murna a cikinsa. Rawa kusa da gonakin inabi ta fi dacewa da shi, shi ya sa masana da yawa suka karkata can.

Amma kada ka fara daga sura 21. Koma sura 19, inda mutanen Gibeya, wani garin kabilar Biliyaminu, suka yi wa ƙwarƙwarar wani Balawi fyaɗe har ta mutu. Isra'ila ta taru a Mizfa da mayaƙa 400,000, ta nemi Biliyaminu ta miƙa masu laifin, ta ƙi. Rana ta fari Isra'ila ta rasa 22,000, ta biyu 18,000. A karo na uku aka yi kwanto, Biliyaminu ta rasa 25,100, aka ƙone garuruwanta da duk abin da ke ciki. Maza 600 ne suka tsira, suka yi wata huɗu a Dutsen Rimmon.

Tushen matsalar sura 21 rantsuwa biyu ne da aka yi a Mizfa cikin zafin rai. Ta farko: ba mai ba Biliyaminu 'yarsa aure. Ta biyu: duk wanda bai zo taron ba, a kashe shi. Da hankali ya dawo, sai suka ɗauki ta biyu suka yi maganin ta farko da ita. Suka aika mutum 12,000 zuwa Yabesh-gileyad, garin da bai zo taron ba, aka karkashe mutanen garin, aka bar budurwai 400. Saura maza 200 ba mata. Su ne aka tura Shilo.

Mama Mai Zumunta:

Malam, ina tare da kai, sai dai kan batun idin ina ganin mu sassauta. Idan idi ne da dukan maza suka sani, me ya sa dattawan suka tsaya yin kwatance, cewa wurin yana arewa da Betel, gabas da hanyar da ta tashi daga Betel zuwa Shekem, kudu da Lebona? Yana iya zama bikin kakar inabi na mutanen Shilo kawai. Mishna, littafin koyarwar malaman Yahudawa na dā, ma ta ambaci 'yan matan Urushalima suna fita rawa a gonakin inabi ran 15 ga watan Ab na kalandar Yahudawa, kuma Talmud, littafin da ya yi wa Mishna sharhi, ya danganta ranar da sake karɓar Biliyaminu cikin jama'a. A ce wa ɗalibai "mai yiwuwa Idin Bukkoki ne", ya isa.

Kan tambaya ta biyu kuwa babu wata tantama. A sura 20 sun nemi nufin Allah sau uku, ya amsa. A sura 21 sun yi kuka a Betel, sun gina bagade, sun miƙa hadaya, amma ba inda aka rubuta cewa Allah ya ce a tafi Yabesh ko Shilo. Dabarar dattawa ce. Dubi aya 22: idan iyaye sun kawo ƙara, za a ce musu ai ba ku kuka bayar ba, ƙwacewa aka yi, don haka ba ku karya rantsuwa ba. Yaƙin da aka fara saboda an ci zarafin mace ɗaya, an rufe shi da kama mata 600 ba da yardarsu ba. Mai koyarwa ya faɗi wannan a fili, domin a cikin masu sauraro akwai waɗanda aka taɓa zalunta haka.

Dattijon Ikilisiya:

Abin da ake yawan tsallakewa shi ne Shari'ar Musa ta riga ta buɗe ƙofar fita. Littafin Firistoci 5:4-6 ya ce wanda ya yi rantsuwa da garaje, ya furta laifinsa, ya kawo tunkiya ko akuya, firist ya yi masa kafara. Firist Finehas jikan Haruna yana nan a raye a lokacin (20:28). Furta kuskure a gaban jama'a ne ya yi musu nauyi.

Idan kana koyarwa, ɗana, haɗa surar da Markus 6, inda Hirudus ya sa aka fille kan Yahaya Mai Baftisma a wurin biki don kada ya ji kunyar janye rantsuwarsa, da Markus 7:9-13 kan masu fakewa da wa'adin keɓe wa Allah dukiya don su ƙi taimakon iyaye. Sai Matiyu 5:33-37. Kuskure biyu za ka kauce wa: mayar da Biliyaminu kaɗai mai laifi, da kuma karanta aya ta ƙarshe, wadda ta ce a lokacin ba sarki a Isra'ila, kamar naɗa sarki ne maganin komai. Sarkin farko, Saul, mutumin Gibeya ne, kuma ɗaruruwan shekaru bayan haka Yusha'u 9:9 da 10:9 suna ambaton kwanakin Gibeya a matsayin ma'aunin lalacewa.

A raba nazarin zama uku, sura ɗaya a kowane zama. Sura 19 ba ta ajin yara ba ce.