Wasan sitiyari a tsohuwar mota: wa ya taɓa ɗaure akwatin sitiyari, kuma yaya aka ƙare?

Ɗan Malali:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da Volkswagen Beetle ta 1978, haɗin Legas, gadon mahaifinmu Allah ya jiƙansa. Na yi wata takwas ina farfaɗo da ita, inji ya zauna, birki ya zauna, saura sitiyari. Idan tana tsaye sai in kaɗa shi kusan faɗin yatsu huɗu kafin taya ta motsa. Ranar Asabar na hau hanyar Zariya, ina wuce Kawo na fara jin tana yawo, in tare ta nan ta tafi can, dole na juyo daga Maraban Jos. Wani bakanike ya ce aikin minti biyar ne, akwai sukuru a saman akwatin sitiyarin, a ɗaure shi wasan ya ɗauke. Ban bari ya taɓa ba. Wanda ya taɓa yin wannan aiki a motarsa don Allah ya ba mu labarin abin da ya gani.

Tsohon Bakanike, Kakuri:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka kyauta da ka hana shi. Mu nan Kaduna yawancinmu a kan Peugeot muka koyi aiki, tun da aka buɗe kamfanin haɗa ta a Kakuri a 1975 ita ce ta cika gari. To 504 ba ta da irin wannan akwatin, nata doguwar sanda ce mai haƙora, wadda muke cewa rak. Shi ya sa za ka sami yaro gwani a 504 amma bai taɓa buɗe bokis, wato akwatin sitiyari, irin na Beetle ba, abin da ya sani kawai akwai sukuru a sama.

Kafin a je ga sukurun, ga yadda nake yi. Mota tana ƙasa, tayoyi sun miƙe, kada a ɗaga ta. Mutum ɗaya ya zauna yana kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, dama da hagu, kai kuma ka kwanta da tocila kana bin motsin daga sama har ƙasa. Ka fara da faifan robar nan da ya haɗa sandar sitiyari da akwatin, yana tsagewa idan ya tsufa. Ka duba ko shi kansa akwatin yana motsi a kan bim, ƙarfen gaba da aka ɗaure shi a kai, wato notinsa sun saki. Sannan ka kama kowane kan tayarod, sandar da ke kai motsin sitiyari ga taya, da hannu, in akwai wasa za ka ji yana bugun tafinka. Daga nan a ɗaga ta, a girgiza taya sama da ƙasa don boljoyin da boris. Sai in sandar da ke shiga akwatin tana juyawa amma hannun da ke fitowa ƙasa bai motsa ba, a nan ne laifin yake na bokis. A cikin motocin da aka kawo mini da wannan kuka, waɗanda bokis ne kaɗai matsalarsu ba su da yawa.

Kuma kada ka nemi wasan ya ɗauke gaba ɗaya. Kamar inci ɗaya a bakin sitiyari, milimita 25, haka aka yi ta.

Alhajin Unguwar Rimi:
Ni na ɗanɗana, kuma ban ji daɗi ba. Mercedes 230E ce, irin W123 ɗin nan da muke kira Regular, ta 1983. Na kai ta wani gareji saboda wasa, yaron ya sassauta notin da ke kulle sukurun, ya sa alanki ya murɗa sukurun ciki kamar yadda ake ɗaure kowane sukuru. Wasa ya ƙaru. Ashe ita wannan motar a juye take, waje ake murɗo shi, hannun hagu, sannan wasan ya ragu. Da ya gano haka sai ya murɗo da yawa don ya faranta mini rai. A gareji na taɓa sitiyari na ji tsam, babu ko ɗigon wasa, har na ƙara masa kuɗi.

Ina zagaya shataletale a Ali Akilu, na saki sitiyari ya dawo da kansa kamar kullum, ya ƙi. Ya tsaya inda na bar shi, motar ta nufi gefen titi, ga mai Keke a gabana. Allah ne ya kiyaye, da hannu biyu na fizgo shi. Iyalina suna baya. Har yau in na tuna gabana yana faɗuwa.

Washegari wani dattijo a Oriyafata ya mayar da sukurun baya, ya nuna mini bushin hannun da ke ɗaya gefen, wanda yake riƙe sandar tsakiya, ya cinye sarai. Shi da damfar sitiyari, mai shanye girgiza, aka canza, rabin wasan ya tafi ba a taɓa bokis ba. Malam, abin da zan ce maka, duk wanda ya ɗaure maka, kada ka hau babban titi sai ka gwada a fili ka ga sitiyarin yana dawowa da kansa ta kowane gefe.

Maman Husna, Barnawa:
Ni ma Beetle ce a gidanmu, ta babana, ni nake tuƙa shi da ita zuwa asibiti. Yawon da take yi mana iskar taya ce. Mai faci yakan cika duka huɗun 35 kamar sauran motoci, alhali gabanta ba nauyi tunda inji yana baya. Baba ya sa aka rage na gaba zuwa wajen 18, ta nutsu. Ba zai cire wasan ba, amma ka duba kafin ka kashe kuɗi.

Manomin Kujama:
Tawa Land Rover ce Series III, da ita nake kwaso masara. Ita wasan nata taro ne, boljoyin shida ne tsakanin sitiyari da taya, ga rile, mahaɗar da ke miƙa motsin sitiyari, a cikin shasi, kowanne ya ba da kaɗan sai ka ga sitiyari yana lilo. Da na buɗe bokis ɗina a bushe yake ƙamas, man ya tsiyaye tun yaushe, sai tsatsa da ruwan damina. Na zuba man giya mai lamba 90, na ɗaure sukurun gefe kaɗan, ta yi shekara uku yanzu. Ka duba mai a naka.

Tsohon Bakanike, Kakuri:
Gaskiya ne a duba, amma kada a ɗauki na Land Rover a kai kan Beetle. Ta shekarunsa giris mai ruwa-ruwa ake sa wa bokis ɗinta.

Abin da ya sami Alhaji kuwa ga dalilinsa. An ƙera akwatin ne ya fi matsewa a tsakiya, inda mota take tafiya a miƙe, ya ɗan saki a gefe. To shekara arba'in ana tuƙi, tsakiyar ce take cinyewa, gefen yana nan kusan sabo. In ka ɗaure har ramin tsakiya ya cike, da ka karya kwana sai ya cije a inda bai ci ba. Don haka a yi wa sukurun alama da fenti, a riƙe shi, a sassauta noti, a murɗa kwata ɗin zagaye ko ƙasa da haka, a riƙe shi kuma a ɗaure noti don kada ya bi shi. A ɗaga gaba, a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe da yatsa biyu. In ka ji wani wuri ya yi tauri ko yana gurzawa, a koma baya. In kuwa ya fara cijewa a gefe alhali tsakiya tana wasa, bokis ɗin ya gama aiki, sai a nemi wani a Panteka, kuma a juya shi da hannu a ji kafin a biya.

Ɗan Malali:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya ni da ƙanena muka bi yadda Baba Tsohon Bakanike ya faɗa. Faifan robar ya tsage gida biyu, ɗan abin da ya riƙe shi kaɗan ne, na daɗe a zaune ina kallonsa da na tuna da shi na hau hanyar Zariya. Kan tayarod na dama shi ma yana bugu. Mun canza su, an yi alaimen, na rage iskar gaba kamar yadda Hajiya Maman Husna ta ce. Wasan ya dawo kamar yatsu biyu. Sannan muka ciro safaya, muka buɗe murfin da ke bayanta, na murɗa sukurun ƙasa da kwata sau ɗaya. Yanzu yatsa ɗaya da ɗan ƙari, kuma yana dawowa da kansa dama da hagu, na gwada a fili kafin in fita titi. Na bar shi a haka.

Abin da ya rage, damfar sitiyarin tana zubar da mai, kuma in na faɗa rami gaban yana karkarwa. Baba, sabuwa zan nema ko ta Panteka za ta yi?