Abin da aka faɗa kan finafinan nan biyu

To jama'a ga abin da na tattaro daga bakin waɗanda suka kalli finafinai biyu, ɗaya sabon zubin wani tsohon fim na dodanni da takubba, ɗayan kuma ƙaramin fim mai abin dariya:

1. Sabon zubin fim ɗin dodanni da takubba, kusan kowa ya yarda hotonshi ya yi kyau, musamman waɗanda suka gani a gidan sinima na Canal Olympia nan Yamai, masu kallo a portabul kam sun ce wurin yaƙin dare duhu kawai suka gani.

2. Labarin ne ya raba kawuna, manya sun ce ɗumamen tuwon jiya ne kuma jarumin bai kai na da ba, samari suka ce su ba su ma san tsohon ba balle su gwada.

3. Ƙaramin fim ɗin mai abin dariya, wasu barci ya kwashe su don surutu ya yi yawa ba faɗa, wasu kuma shi suke ta maimaitawa a fada wajen shayi, ni dai ina bayan masu maimaitawar.

4. Muryoyin Faransancin da aka ɗora, ba wanda ya yaba.