Neman shawara: in ɗauki 'yan Nijar aiki a gidan bulona?

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da gidan bulo a Ɗan Magaji, nan Zariya. Makon jiya mutum uku daga yankin Maraɗi suka zo neman aiki, kuma sun yarda su buga buhun siminti a kan kuɗin da bai kai wanda nake biyan yaran unguwa ba. Na duba tafin hannunsu, duk kanta. Amma tun da maganar ta fita, yarana ke gunaguni cewa baƙi za su karya musu farashi, ni kuma tsadar siminti ta matse ni. Yaya zan yi?

Wani ɗan kasuwar Sabon Gari: Alhaji, ka ɗauke su, amma kada ka rage musu ko sisi. Kukan yaranka gaskiya ne, domin arhar baƙo aljihun maigida take shiga, lebura ɗan gida kuwa shi ke kwana da asara. Sai dai ba na goyon bayan rufe ƙofa. Da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, shinkafa ta yi tashin gwauron zabo, bayan juyin mulkin Nijar na 2023 kuma manyan motoci suka yi makonni a Jibiya, kayan gwari na ruɓewa a ciki.

Wata malama daga Samaru: Yarjejeniyar 1979 ta ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ce ta ba 'yan yankin damar shiga ba biza na kwana 90, amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, saboda haka ka duba takardunsu, ka gabatar da su ga mai unguwa. Baƙo yana biyan haya, yana cefane a kasuwarmu, amma yana ƙara layi a famfo da asibiti, wannan ma a lissafa.

Wani dattijo daga Birni: Ɗana, tun 2019 ƙauyukan Maraɗin nan ke karɓar mutanenmu na Sakkwato, Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka koro, suna raba gero da su. Ina nan a 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi, na ga makarantu sun wayi gari ba malamansu 'yan Ghana.

Mai tambaya: Na gode, Baba. Gobe zan tara yarana in sanar da su lada ɗaya ne, sannan in kai baƙin wurin mai unguwa.